Yadda ake sarrafa iskar oksijin a ruwan sanyaya tukunyar nukiliya domin kare ƙarfe daga tsatsa

Ruwan da ya daɗe a buɗe cikin iska, a zafin digiri 25 na ma'aunin Selshiyas, yakan riƙe kimanin miligiram 8 na narkakkiyar iskar oksijin a kowace lita. Idan aka juya wannan adadi zuwa ma'aunin da masana sinadaran tashoshin nukiliya suke aiki da shi, wato kashi ɗaya cikin biliyan da ake rubutawa ppb, ya kai kusan ppb 8,000. Ruwan da ke zagaye zuciyar tukunyar nukiliya mai matsattsen ruwa kuwa, ana so oksijin ɗinsa ya kasance ƙasa da ppb 5 sa'ad da take aiki, ke nan sai an rage abin da ruwa ya zo da shi fiye da sau dubu kafin a ce an shiga hanya. Duk da haka, ba a kowane bututu na tashar ake neman kawar da oksijin gaba ɗaya ba. Akwai wuraren da ƙarancinsa yake cinye ƙarfe har bututu ya fashe, kuma an yi asarar rayuka a kan haka. Aikin mai kula da sinadaran ruwa shi ne ya san irin ƙarfen da ke kowane sashe, zafin da yake ciki da gudun ruwan da ke bi ta kansa, sannan ya ba kowane sashe gwargwadon abin da ya dace da shi.

Bayanin da ke tafe ya shafi nau'o'in tukunya biyu daga cikin waɗanda suka fi yawa a duniya. Ta farko ita ce mai matsattsen ruwa, wadda ake taƙaita sunanta da PWR, inda ake danne ruwa da matsin kusan bar 155 (bar ma'aunin matsi ne, kuma bar ɗaya ya kusa daidai da matsin iskar sararin waje) domin kada ya tafasa ko da zafinsa ya wuce digiri 300, sai ya miƙa zafinsa ga wani ruwa dabam a cikin injin samar da tururi; hanyar ruwan da ke bi ta tukunya ita ce zagayen farko, ta ɗaya ruwan kuma zagaye na biyu. Ta biyu ita ce mai tafasasshen ruwa, BWR, inda ruwa yake tafasa a cikin tukunyar kanta a matsin kusan bar 70 da zafin digiri 285 ko sama kaɗan, tururin kuma ya wuce kai tsaye zuwa injin tabain da ke juya janareta. Alƙaluman da za a ambata su ne waɗanda aka saba gani a ƙa'idojin masana'antar, irin na cibiyar binciken wutar lantarki ta Amurka, EPRI, da jagorar hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, mai lamba SSG-13 da aka fara fitarwa a 2011. Amma abin da yake hukunci a kowace tasha shi ne takardar sharuɗɗan lasisinta, kuma ita ake bi idan an sami saɓani.

Mataki na farko: sanin inda oksijin yake fitowa da irin ɓarnar da yake yi

Hanyoyin shigar oksijin biyu ne. Akwai wanda ke zuwa daga waje, ta ruwan cikon da ake ƙarawa, ta tankunan ajiya, ta kafofin da iska ke kutsawa a sassan da matsinsu ya gaza na sararin waje, da kuma iskar da ke maƙalewa a bututu bayan an buɗe su domin gyara. Akwai kuma wanda tukunyar take ƙerawa da kanta, domin radiyeshan nau'in gamma da na niyutiron yana farfasa ƙwayoyin ruwa, daga gutsattsarin kuma a sami haidurojin, oksijin da haidurojin feroksayid. Wannan hanya ta biyu ita ce ta bambanta tashar nukiliya da tashar da ke ƙona gas ko kwal, inda toshe kafar iska da dafa ruwa sun kusa wadatarwa. A tukunyar nukiliya ko an zuba ruwan da babu ɗigon oksijin a cikinsa, da zarar ta fara aiki za ta samar da nata.

Ɓarnar da aka fi tsoro ba jar tsatsar da ido yake gani a saman ƙarfe ba ce. Ita ce tsagewar da ke faruwa idan abubuwa uku suka haɗu: ƙarfe mai rauni a tsarinsa, ɗamewa ko ja da ya rage a jikinsa, da ruwan da ke ɗauke da sinadarai masu ƙona ƙarfe. Ƙarfe mai jure tsatsa na samfurin 304, wanda aka yi bututun tsofaffin tashoshi da shi, yana samun kariyarsa ne daga kuromiyom da ke cikinsa. Sa'ad da ake walda, yankin da ke gefen ɗinkin yakan daɗe a zafi tsakanin digiri 450 zuwa 850, sai kabon ya haɗu da kuromiyom a kan iyakokin ƙwayoyin ƙarfen, ya bar siririn layi da kuromiyom ɗinsa ya yi ƙaranci. Waldar kuma takan bar ɗamewa a wurin bayan ta huce. Idan ruwa mai zafi da oksijin ya zo, tsaga takan bi wannan layi a hankali, shekara bayan shekara, ba tare da wata alama a waje ba. Kulorayid da salfet suna ƙara mata sauri ƙwarai, shi ya sa ba a raba maganar oksijin da maganar tsabtar ruwa. An fara ganin irin wannan tsagewa da yawa a ƙananan bututun tukunyar BWR a tsakiyar shekarun 1970, sannan a 1982 aka same ta a manyan bututun zagayen ruwa na tashar Nine Mile Point 1 da ke jihar New York, har sai da aka sauya su. A 1990 aka gano ta a garkuwar da ke kewaye da zuciyar tukunyar Mühleberg a Suwizalan.

Kafin a taɓa ko wane bawul, ya kamata sashen sinadarai ya kasance yana da taswirar kayan da aka gina tashar da su: ina ne ƙarfe mai jure tsatsa, ina ne gamin nikel irin Alloy 600, ina ne baƙin ƙarfe mai kabon, kuma ina ne sauran kayan tagulla idan akwai. A kan taswirar a yi wa bututun da ruwa ba ya gudana a cikinsu alama ta musamman, domin a irin waɗannan lunguna ne iska take maƙalewa, kuma sinadarin da aka zuba a babban zagaye ba ya kai musu yadda ya kamata.

Mataki na biyu: tsare ruwan ciko tun daga tanki

Wannan mataki ba shi da wuyar fahimta, sai dai yawan sakaci. Bayan an tace ruwan ciko da rezin, wato ƙananan ƙwayoyin roba masu kama gishirin da ya narke a ruwa, an cire gishirinsa, ana cire masa iska ta hasumiya mai zuƙe iska, ko ta fatar tacewa da ke barin iska ta wuce ta hana ruwa, ko kuma ta zuba haidurojin a bi da ruwan ta kan rezin mai ɗauke da faladiyom wanda ke haɗa iskokin biyu su koma ruwa. Daga nan sai a adana shi a tankin da aka rufe samansa da iskar naitirojin ko da shimfiɗar roba mai iyo. Ruwan da aka cire wa iska yana saurin sake shanta, don haka yagewar wannan shimfiɗa ko yankewar naitirojin na kwana ɗaya ya isa ya mayar da aikin baya. A riƙa auna oksijin a mafitar tankin, musamman gab da lokacin da za a ja ruwa mai yawa, kamar lokacin rage yawan boron, sinadarin da ake narkarwa a ruwa don sarrafa ƙarfin tukunyar PWR.

Mataki na uku: cika zagayen ruwa da tayar da tukunya bayan hutu

Lokacin sauya makamashi ana buɗe murfin tukunya, ruwa ya zauna a fili tsawon makonni, ya ƙoshi da iska. Wannan ba abin damuwa ba ne matuƙar ruwan yana da sanyi kuma babu kulorayid a cikinsa, domin tsagewar da aka bayyana tana buƙatar zafi. Haɗarin yana farawa ne idan aka fara ɗumama wannan ruwa kafin a cire masa iska.

A tukunyar PWR ana fara da cire iska ta hanyar inji. Wasu tashoshi suna zuƙe iskar zagayen kafin su cika shi da ruwa, wanda ya fi inganci domin yana fitar da iskar da ke ɓuya a ƙoƙuwar lanƙwasassun bututun injin samar da tururi. Wasu kuma suna cikawa, su kunna manyan famfuna na ɗan gajeren lokaci domin su kora kumfar iska, su tsayar, su buɗe bawul ɗin shaƙa a saman tukunya da na tankin daidaita matsi, su maimaita har iska ta daina fita. Abin da ya rage a narke sai a kashe shi da haidurazin. Wannan sinadari yana haɗuwa da oksijin ya ba da naitirojin da ruwa kawai, kuma da yake nauyin ƙwayarsa daidai yake da na ƙwayar oksijin, a lissafi giram ɗaya nasa yana cinye giram ɗaya na oksijin. A aikace ana zuba fiye da haka, saboda wani kaso yana ɓata a kan saman ƙarfe, wani kuma zafi yana rusa shi ya koma amoniya.

Tsarin aikin shi ne a auna oksijin, a lissafa adadin da ake buƙata bisa yawan ruwan zagayen, a kauce wa tankunan rezin na tsarkake ruwa domin haidurazin da amoniya suna cika rezin kuma suna iya sakin abin da ya riga ya kama, sannan a zuba sa'ad da famfo yake juya ruwan. Haɗuwar tana jan ƙafa a ruwan sanyi, tana kuma sauri idan ruwa ya ɗumama, saboda haka akan yi ta ne a tsaka-tsakin zafi. Iyakar da aka sani a tashoshi da yawa ita ce kada zafin ruwa ya wuce digiri 121 sai oksijin ya sauka ƙasa da ppb 100. Tankin daidaita matsi yana buƙatar samfurinsa na kansa, domin shi ne yake riga sauran zagayen yin zafi, kuma ruwansa ba ya cakuɗa da sauran sai an buɗe feshi da gangan. Idan jadawalin tayar da tasha ya matse, a nan ne ake samun jarabar wucewa da samfuri ɗaya tak, kuma a ganina babu wani uzuri da ya isa a yi hakan.

Haidurazin guba ne, ana kuma zarginsa da haddasa ciwon daji, har Tarayyar Turai ta sanya shi cikin jerin sinadarai masu matuƙar haɗari a 2011. Dole a riƙa zuba shi ta rufaffiyar hanya, da safar hannu da kariyar fuska da ta numfashi.

Mataki na huɗu: riƙe haidurojin a tukunyar PWR sa'ad da take aiki

Da zarar tukunya ta fara samar da wuta, haidurazin ba ya da amfani a zagayen farko, domin zafi da radiyeshan suna rusa shi nan take. Abin da ake dogara da shi shi ne narkakken haidurojin. Idan akwai rarar haidurojin a cikin ruwa, gutsattsarin da radiyeshan ya farfasa sukan sake haɗewa su koma ruwa kafin su kai ga zama oksijin ko feroksayid. Wato ana hana oksijin samuwa ne tun daga tushe.

Ana shigar da shi ta tankin daidaita yawan ruwa. Wani kaso na ruwan zagayen yana fita kullum, a sanyaya shi, a tace, a fesa shi cikin wannan tanki ta sararin da aka cika da iskar haidurojin, sannan famfon caji ya mayar da shi. Yawan haidurojin da ruwan zai sha ya danganta da matsin iskar da ke saman tankin, don haka da matsin ake juya adadin. Kafin a saka haidurojin a tankin sai an kore iskar da ke ciki da naitirojin, domin haidurojin yana kamawa da wuta idan ya kai kashi 4 cikin 100 a cikin iska. Adadin da ake nema shi ne santimita kubik 25 zuwa 50 a kowane kilogiram na ruwa, kimanin miligiram 2.2 zuwa 4.5 ke nan. Gwaje-gwaje sun nuna cewa abin da ake buƙata don danne farfashewar ruwa ya gaza 25 nesa ba kusa ba, an dai bar rata ne saboda shigar iska ba zato da kuma ƙananan wuraren da ruwa yake ɗan tafasa a jikin sandunan makamashi. Tukunyar VVER, nau'in PWR na Rasha, ta daɗe tana bin wata hanya, inda ake zuba amoniya radiyeshan ya rusa ta ya ba da haidurojin.

Abu biyu ya kamata a tuna a nan. Na ɗaya, haidurojin yana tafiya ne tare da daidaita tsamin ruwa, domin asid ɗin boron da ake sarrafa ƙarfin tukunya da shi yana sa ruwa tsami, sai a daidaita shi da litiyom haidoroksayid har ma'aunin pH a zafin digiri 300 ya tsaya tsakanin 6.9 da 7.4. Na biyu, kawar da oksijin bai warkar da kowace cuta ba. Gamin Alloy 600 da waldarsa suna tsagewa ko a ruwan da yake cike da haidurojin, kuma irin wannan tsaga ce ta bar ruwan boron ya yoyo ya ci rami a murfin tukunyar Davis-Besse a jihar Ohayo, wanda aka gano a watan Maris na 2002. Maganin wannan yana wajen bincike da sauya ƙarfe zuwa Alloy 690.

Mataki na biyar: tukunyar BWR, inda tafasa take kwashe kariyar

A nan lamarin ya fi sarƙaƙiya. Da yake ruwan yana tafasa a zuciyar tukunya, haidurojin yana tserewa cikin tururi ya bar ruwan da rarar oksijin da feroksayid. Idan ba a ƙara komai ba, ruwan da ke zagayawa yakan riƙe oksijin kusan ppb 200, kuma a wannan yanayi ne tsofaffin bututu suka tsattsage. Abin da masana suka gane shi ne adadin oksijin a samfurin ruwa ba shi ne ainihin ma'auni ba. Ma'aunin shi ne ƙarfin lantarkin da ke tsakanin saman ƙarfe da ruwan da ke taɓa shi, wanda ake taƙaitawa da ECP, domin shi ne yake nuna irin ƙunar da ƙarfen yake ji a wurin da yake. A ruwan da ba a yi wa magani ba yakan kasance sama da sifili da milibolt ɗari ko fiye, bisa ma'aunin haidurojin na asali. Idan aka saukar da shi ƙasa da milibolt 230 a ƙarƙashin sifili, tsagewa takan ragu ƙwarai, muddin ruwan yana da tsabta.

Hanyar farko ita ce zuba haidurojin a ruwan da ake ciyar da tukunya. An gwada ta a Suwidin a ƙarshen shekarun 1970, sannan a tashar Dresden 2 ta jihar Ilinoi a 1982. Domin a kare kayan da ke can ƙasan tukunya ana buƙatar miligiram 1 zuwa 2 a kowane kilogiram, kuma wannan yana da tsada ta wata fuska. Niyutiron yana mayar da wani kaso na oksijin ɗin ƙwayar ruwa zuwa naitirojin-16, wanda rabinsa yake rushewa cikin daƙiƙa 7 kacal amma yana fitar da radiyeshan gamma mai tsananin ƙarfi. A ruwa mai oksijin yakan zauna a narke, amma idan haidurojin ya yi yawa sai ya koma amoniya ya bi tururi, radiyeshan a ɗakin tabain ya ninka har sau huɗu ko biyar. Duk tashar da za ta bi wannan hanya sai ta sake auna radiyeshan a ɗakin tabain da kewayen gini, ta kuma gyara saitin na'urorin da ke lura da bututun tururi.

Hanya ta biyu ta zo ne don rage wannan matsala. Ana shafa wa saman ƙarfe ɗan ƙanƙanin filatinom ta hanyar zuba sinadarinsa a cikin ruwa. Filatinom yana hanzarta haɗuwar haidurojin da oksijin a kan fatar ƙarfen kanta, saboda haka ECP yana faɗuwa ko da ruwan tsakiyar bututu yana da sauran oksijin, in dai ƙwayoyin haidurojin sun ninka na oksijin fiye da sau biyu a wurin. Da wannan, haidurojin kaɗan ya wadatar, ƙasa da rabin miligiram a kilogiram. An fara aikin a tashar Duane Arnold ta jihar Ayowa a 1996 a lokacin da tukunya take tsaye, sannan a 2005 aka fara yin sa a Mühleberg tukunya tana kan aiki, kuma wannan salon na biyu ake maimaitawa lokaci-lokaci domin shafin yana gogewa, sabuwar tsaga kuma ba ta da filatinom a cikinta.

A kowace hanya akwai ƙa'idojin da ba a tsallakewa. Haidurojin da aka zuba yana fita ta bututun iskar kwandansa, wato inda tururin da ya fito daga tabain yake hucewa ya koma ruwa, don haka sai an ƙara oksijin kafin na'urar da ke sake haɗa iskokin biyu su koma ruwa, in ba haka ba rarar haidurojin za ta taru. Tsarin zubawar dole ya yanke kansa idan tukunya ta tsaya ko na'urar haɗawar ta sami matsala. A riƙa lissafa yawan sa'o'in da tsarin ya yi yana aiki, domin duk sa'ar da ya tsaya tsaga tana ci gaba daga inda ta kwana, kuma lokacin tayar da tukunya, kafin a fara zuba haidurojin, yana daga cikin lokutan da ƙarfe ya fi shan wahala. Sannan a kula da bututun da ba su da mafita, inda tururi yake hucewa ya bar haidurojin da oksijin su taru. Irin wannan tarin ne ya fasa bututu a tashar Hamaoka 1 ta Japan a watan Nuwamba na 2001, da kuma a Brunsbüttel ta Jamus a watan Disamba na shekarar.

Mataki na shida: baƙin ƙarfe, inda ƙarancin oksijin yake zama illa

Bututun kwandansa da na ruwan ciyarwa galibi na baƙin ƙarfe mai kabon ne. A ruwan da ba shi da oksijin, fatar da ke kare wannan ƙarfe magnetayit ce, wadda take ɗan narkewa. Inda ruwa yake gudu da hargitsi, kamar a gwiwar bututu ko bayan farantin auna gudu, ruwan yana wanke fatar, ƙarfe ya sake yin wata, a sake wanke ta, kauri yana raguwa ba tare da tsaga ko yoyo ba. Abin ya fi tsanani a zafin digiri 130 zuwa 150. Haka gwiwar bututu ta fashe a tashar Surry 2 ta jihar Bajiniya a watan Disamba na 1986, ma'aikata 4 suka mutu, haka kuma aka yi a Mihama 3 ta Japan ranar 9 ga Agusta 2004, inda mutum 5 suka rasu a kusa da wani bututu da ba a taɓa auna kaurinsa ba tun da aka fara aiki da tashar.

Oksijin kaɗan yana mayar da saman fatar zuwa hematayit, wadda ba ta narkewa da sauƙi. Shi ya sa a tukunyar BWR, inda ba a zuba sinadarin daidaita pH, ake riƙe oksijin a ruwan ciyarwa tsakanin ppb 30 da 200, har a zuba shi da gangan idan ya gaza. A zagaye na biyu na PWR kuwa hannu a ɗaure yake, domin oksijin da tsatsar da ya ƙona idan suka isa injin samar da tururi suna cutar da siraran bututunsa a cikin matsattsun wurare. A nan ana riƙe ruwan ciyarwa ƙasa da ppb 5, ana zuba haidurazin da ya ninka oksijin ɗin ruwan kwandansa aƙalla sau takwas, sannan a kare baƙin ƙarfe ta ɗaga pH sama da 9 da amoniya ko etanolamin. Idan akwai tagulla a zagayen ba za a iya ɗaga pH sosai ba, domin amoniya da oksijin tare suna cinye ta, wanda ya sa tashoshi da yawa suka cire ta gaba ɗaya. Sinadari kaɗai bai isa ba. Sai an haɗa da auna kaurin bututu da na'urar sauti bisa jadawali, da sauya sassan da suka fi haɗari da ƙarfe mai ɗan kuromiyom, domin ko kashi 0.1 cikin 100 yana rage wannan ci sosai.

Idan oksijin ya hau a ruwan kwandansa, kusan kullum iska ce take kutsawa. A duba yawan iskar da na'urar zuƙa take fitarwa, a bi mahaɗai da bakin famfuna da wuyan bawul ana fesa iskar hiliyom ana lura da na'urar ganowa a mafita. Ƙara haidurazin a kan kafar da ba a toshe ba ɓoye matsala ne kawai.

Mataki na bakwai: awo

A matakin ppb, hanyar ɗaukar samfuri takan yi ƙarya fiye da na'urar kanta. Bututun roba yana barin iska ta ratsa, don haka sai na ƙarfe mai jure tsatsa. Mahaɗi mai sako-sako yana shan iska ko da ba ya ɗigar da ruwa, kuma ana gane shi idan aka ƙara gudun samfuri sai adadin ya sauka. Dogon bututu mai zafi kuma yana yin akasin haka, domin oksijin yana ƙarewa a hanya ta haɗuwa da haidurazin ko haidurojin ko bangon bututun, sai na'ura ta nuna adadi mai daɗin gani alhali gaskiyar ta fi haka. Saboda haka a sanyaya samfuri kusa da inda aka ɗebo shi, a taƙaita bututu, a bar ruwa yana gudana ba yankewa. Feroksayid ma yana rushewa a hanya, shi ya sa a BWR ake dasa na'urar ECP ta filatinom ko ta ƙarfe da tsatsarsa kusa da tukunya, a haɗa da lissafin kwamfuta don wuraren da hannu ba ya kaiwa. Na'urorin auna oksijin da ake dasawa a kan bututu iri biyu ne, mai fata da lantarki da kuma mai aiki da haske. Mai fata yana iya kuskure a ruwan da ke da haidurojin da yawa idan ba a gyara masa lissafi ba. Kowanne a riƙa gwada shi a iska da kuma a sifili, ana kwatanta shi da kwalbar gwaji mai sauya launi.

Mataki na takwas: idan adadi ya kauce, da lokacin tsayar da tukunya

Ƙa'idojin masana'antar sun kasa kaucewa hawa uku. A hawa na farko ana ba da kwanaki a gano dalili a gyara, a na biyu ana ba da kimanin sa'o'i 24, a na uku kuma sai a fara sauke tukunya. A zagayen farko na PWR, sharuɗɗan da aka saba gani su ne oksijin kada ya wuce ppb 100 a aiki na yau da kullum, kada kuma ya wuce ppb 1,000 ko na ɗan lokaci, kulorayid da fulorayid kuma kowanne ƙasa da ppb 150. Idan na'ura ta nuna hauhawa, a tabbatar da samfuri na biyu ta wata hanya dabam ba tare da jinkirta mataki ba, a duba haidurojin domin oksijin ba ya zama tare da isasshen haidurojin a cikin zuciyar tukunya, sannan a bi sawun ruwan da aka ƙara a sa'o'in baya.

Wajen tsayar da PWR domin buɗe ta, ana juya tsarin ne da gangan. Da farko a ƙara boron a cire litiyom, ruwa ya yi tsami alhali haidurojin yana nan, domin tsatsar da ta taru a kan makamashi ta fara saki. Sannan a cire haidurojin ta kore shi da naitirojin a tankin daidaita yawan ruwa har ya sauka ƙasa da santimita kubik 5 a kilogiram, saboda kada a buɗe zagaye a kan iska mai kamawa da wuta. Idan zafi ya sauka zuwa wajen digiri 80 sai a zuba haidurojin feroksayid, wanda yake narkar da nikel da kobalt-58 a lokaci guda, rezin ya kama su kafin ma'aikata su kusanci ruwan. Idan aka bar iska ta yi wannan aiki da kanta bayan an ɗaga murfi, sakin zai zo ne sa'ad da mutane suke tsaye a bakin ramin sauya makamashi. Injinan samar da tururi kuma, idan hutun zai yi tsawo, ana cika su da ruwa mai haidurazin da pH da aka ɗaga a rufe samansu da naitirojin, ana juya ruwan ana auna shi a kai a kai, ko kuma a zubar da ruwan a busar da su sarai da busasshiyar iska, domin injin da aka bari rabi ruwa rabi iska yana yin ramukan tsatsa daidai kan layin da ruwan ya tsaya.